Ranar da Inna Ta Ɗaga Kai a Zauren Ubanta

Shekarar da Baba ya rasu ita ce shekarar da Kawu ya yanke shawarar rushe zauren gidan kakana na Ƙofar Galadima. Abu biyun sun zo a jere. Na Baba dai ikon Allah ne, ba a ja da shi. Na zaure kuwa aikin Kawu ne, kuma Kawu ana ja da shi. Ni ce auta a ɗakinmu, duk dangi sun san bakina, don haka ba wanda ya yi mamaki da na yafa mayafi na tafi.

Kakana, mahaifin Inna, magini ne. Shi ya gina zauren da hannunsa, da tubali da azara, tun Inna tana 'yar ƙarama. Ban riske shi ba. Abin da na riska shi ne zauren: ƙofa matsattsiya, sanyi ko ana tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa da na tabarmi, da muryoyin maza. Daminar da ta wuce ta tsaga bangon gabas, gara kuma ta daɗe tana cin azara a ɓoye. Kawu, ƙanen Inna wanda gidan yake hannunsa, ya kira magina suka duba, suka ce ginin ba zai ƙara ganin wata damina a tsaye ba. Ya ce a sauke shi kafin ruwan farko, a mayar da na bulo.

Na faɗa masa duk abin da na zo da shi, har da wanda ban shirya ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in biyo shi. Muka zagaya ta waje ya nuna mini tsagar, ya ce in sa hannu. Hannuna ya shige har gwiwa. Ya ce jikokinsa ta nan suke wucewa safe da yamma. Na zare hannuna. Gaskiyarsa ce, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Inna a lokacin tana takaba a gidanmu na Ƙofar Kibo. Ba ta fita ko ƙofar gida, ba ta shafa turare, tana zaune a kan buzu da carbi, mata suna shigowa gaisuwa suna fita. Na bari sai da muka rage mu biyu na gaya mata. Na ɗauka za ta yi faɗa ko ta yi kuka. Sai ta ajiye carbin a cinya ta ce, “Ni ko rufinsa ban taɓa gani ba.”

Na ce, “Haba Inna, a gidan fa aka haife ki.”

Ta ce, “Ke kin gani?”

Na buɗe baki zan ce eh, sai na tsaya. Mace a cikin birni ba ta tsayawa a zaure. Wurin maza ne. Za ki yi sallama, ki cire takalmi, ki sunkuyar da kai, ki durƙusa ki gaisa in akwai manya, ki wuce ciki da sauri. Ko ba kowa a ciki, ƙafarki ta riga ta saba, ba za ta tsaya ba. Na san ƙasan zauren nan kamar tafin hannuna, na san inda daɓen ya lotsa da inda ake jingine buta, na san takalman tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da yake sama da kaina, wallahi ban sani ba.

Inna ta ce, “Tun ina yarinya nake jin baƙi suna cewa a zo a ga rufin da ubana ya yi. Har daga Kano an zo. Kullum cewa nake wata rana in ba kowa zan tsaya in duba. Ga shi yanzu.”

Na ce ta tashi in kai ta, da rana tsaka, mu je mu dawo. Na ce malamai sun ce mai takaba tana iya fita da rana in da lalura. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kallon gini ne lalura? Mutumin nan bai taɓa ƙin yi mini abu ba, ni kuma in kasa zauna masa? Auta, kada ki ƙara.” Na koma wurin Kawu na ce ya jira ta fita takaba. Ya nuna mini gabas, inda hadari ya fara taruwa da yamma yana watsewa. Takabar ba za ta ƙare ba sai damina ta yi nisa. Ga tsohuwa ba za ta fita ba, ga gini ba zai jira ba, ni kuma ina tsakani ina ta huci.

Aikina koyar da kwamfuta ne a wata makarantar 'yan mata, amma kada a zaci wani abu babba. Buga rubutu nake koyarwa, da yadda ake ajiye shi kada ya ɓata. Wadda ta san abin sosai ƙawata ce tun muna firamare, wadda take koyar da zanen gine-gine. Na kai mata kukana. Ta ce in zan iya ɗaukar hoton zauren daga kowane ɓangare, taku bayan taku, kowane hoto yana hawa kan na kusa da shi, ita za ta haɗa su su zama zaure guda wanda mutum zai shiga ta allo, ya juya, ya ɗaga kai, ya matsa kusa da bango. Na ce ta daina yi mini wasa da hankali. Ta ce in je in ɗauko dai.

Sai da Kawu ya tashi tsofaffin da suke zama a ciki. Sun tashi suna gunaguni suka koma gindin dogon yaro, ɗaya har yana cewa zamani ya zo da mata suna korar maza daga zaure. Na ce masa Baba ai aro na yi, yanzu zan mayar. Aka buɗe ƙofofin biyu, aka kawo fitilu masu caji, na shiga da wayata. Abin dariya, ko a ranar ban ga rufin ba. Idona yana kan waya, ina bin bango guntu-guntu kamar yadda aka umarce ni, ina tsoron kada in tsallake wani wuri. Na fito wuyana ya ƙage, kaina yana juyawa.

Da na nuna wa Inna hotunan a waya, ba a yi nisa ba ta ture hannuna. Idonta ya yi yana, ƙaramin abu ba ta ganinsa sosai. Ta ce, “Wannan ai ƙasa ce kawai. Ina gabas, ina yamma?” Ba ta yi ƙarya ba. Kowane hoto ɗan yankin bango ne, ba kai ba gindi.

Ƙawata ta yi kwanaki tana aiki, sannan ta turo mini adireshin wani shafi na intanet. Ta ce ba sai na saka wata manhaja ba, in buɗe da burauza kawai, wato manhajar da kowa yake shiga intanet da ita. Ina cikin a-daidaita-sahu na taɓa. Sai ga ƙofar zauren kakana a tafin hannuna. Na ja yatsa, ƙofar ta matso, na shiga. Na ja gefe, bango ya juya tare da ni, har da ƙusar da ake rataye fitila. Na wuce inda zan sauka ban sani ba, sai da mai tuƙi ya ce, “Hajiya, ina muka nufa ne?”

Amma waya ba ta Inna ba ce. Inna sai babban allo. Muna da tsohuwar talabijin a falo wadda ba ta san wani intanet ba, sai dai a jona ta da kwamfuta ta igiya. Na ɗauko kwamfutata ta cinya, wadda ta daɗe a hannuna har haruffanta sun goge, na jona, na buga adireshin. Shafin ya buɗe, rubutun sama ya fito, amma inda zaure ya kamata ya tsaya sai wani baƙin fili, da ɗan layin Turanci yana cewa wannan burauza ba ta iya nuna irin wannan abu ba. Na rufe na buɗe. Na kashe na kunna. Na zage ta, tunda ba ta da dangin da za su rama mata.

A ranar Kawu ya aiko cewa leburori za su zo Asabar. Ƙawata kuma ta ja mini kunne cewa lalle Inna ta gani kafin a taɓa ginin, don in akwai inda bai fito ba, a sake ɗauka tun yana tsaye.

Na ɗauki kwamfutar na kai mata ofis. Tana dubawa ta fashe da dariya. Ta ce burauzata ta tsufa ƙwarai, rabonta da sabuntawa tun kafin 'yarta ta fara tafiya, 'yar da yanzu take makaranta. Na san dalili. Duk kwamfutar da ta shiga hannun mai gyara a garin nan, abu na farko da yake yi shi ne toshe mata hanyar sabunta kanta, don kada ta riƙa shanye wa mutum data a ɓoye. Kuma mu muke roƙon a yi mana. Ni da bakina na ce wa mai gyarana na Tukur-Tukur ya ɗaure ta tamau, har na yi masa godiya.

Muna jiran sabuwar ta sauka, ƙawata ta yi mini bayanin da har yau nake mamakinsa. Ta ce shafin da ta yi ba hoto ba ne, umarni ne. Yana gaya wa burauza ta zana wannan kusurwa a nan, ta shafa mata wannan launi, in an juya ta sake zanawa. Ta ce masu yin burauza kamfanoni ne daban-daban, kowa yana neman kayar da ɗan'uwansa, amma sun zauna sun amince da ƙa'ida ɗaya ta yadda za a ba da irin wannan umarni da yadda za a karɓe shi. Shi ya sa ita ta rubuta sau ɗaya, wayata ta gane, tata ta gane, ta wani a can wata ƙasa ma za ta gane. Tsohuwar burauzata an yi ta ne kafin wannan ƙa'ida ta shiga cikinta, don haka ana yi mata magana tana kallo.

Na ce, “Wato mutanen da ba su taɓa jin sunan Ƙofar Galadima ba, su suka share wa zaurenmu hanya?”

Ta ce, “Ba su san da shi ba, amma sun bar masa wuri.”

Abin ya tsaya mini a rai. Mu a gidanmu mutum uku ba sa iya amincewa da ranar suna ba a yi hayaniya ba. Ga waɗansu can, harshe daban, addini daban, ba ƙaunar juna suke ba, sun yarda da magana ɗaya kuma sun riƙe ta, har amfaninta ya iso lungunmu.

Sabuwar burauza ta sauka, muka buɗe, sai ga ƙofar zaure a allon kwamfutata. Murna ta hana ni gwadawa. Na rufe na rungume ta na yi gida. Wannan Alhamis ce.

Na zaunar da Inna gaban talabijin, na ja yatsa don mu shiga. Ƙofar ba ta motsa ba. Can sai ta yi tsalle guda ta tsaya. Na sake ja, bango ya rabe biyu, rabi ya tafi rabi ya tsaya, sannan suka haɗu a karkace. Fankar cikin kwamfutar ta hau kuka, ƙasanta ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Duk motsi ɗaya sai mun jira, in ya zo kuma ya zo da fizga. A babban allo abin ya yi kama da gini yana girgiza zai zube.

Inna ta kare fuskarta da gefen mayafi. Ta ce, “Kashe. Tun ba a rushe ba kin nuna mini rushewarsa. Kashe, Auta, na yafe.” Ta tashi ta koma kan buzunta. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini kamar na ranar ba. Da ban taɓo maganar ba, da tana zaune da haƙurinta.

Da safiyar Juma'a, tun kafin a fara rufe shaguna don masallaci, ina ƙofar shagon mai gyara a Tukur-Tukur. Mutum ne mai sanyin magana, wanda bai taɓa yin sauri ba a rayuwarsa, kuma ranar nan sanyinsa ya kusa sa ni yin abin da ba shi kenan ba. Na dire masa kwamfutar na ce ya gaya mini abin da ya yi mata. Ya gaishe ni, ya yi mini gaisuwar Baba, ya tambayi jikin Inna, sannan ya buɗe. Ya ga yadda hoton yake fizga, ya ce, “Af.” Ya shiga can cikin saitin burauza ya nuna mini wani ɗan makunni a kashe, an rubuta hardware acceleration a gefensa.

Ya ce, “Ni na kashe shi, Malama. Kin tuna lokacin da kika kawo ta bidiyo yana yin kore? Duk wadda ta zo mini da wannan ciwon haka nake mata. Ana kashewa take warkewa.”

Na ce, “Ta warke ko ta gurgunce?”

Bai yi fushi ba. Ya ce a cikin kwamfuta injin aiki biyu ne. Akwai furosesa, wanda ya iya komai amma ɗaya bayan ɗaya yake yi. Akwai kuma na zane, wanda suke kira girafik, shi ba abin da ya iya sai cika allo da launi, amma cikinsa ƙananan ma'aikata ne birjik, kowa ya kama nasa ɗigon su yi a tare, kamar aikin gayya a gona. Makunnin nan shi yake ba burauza izinin miƙa wa na biyun aiki. Tunda a kashe yake, furosesa shi kaɗai yake ta noman zauren kakana, 'yan gayya suna zaune a gefe ba wanda ya kira su.

Ya kunna, allo ya yi kore kamar yadda ya faɗa. Ya ce in dakata, ainihin ciwon yana jikin 'yar manhajar da take tuƙa injin zanen, ita ma tsohuwa ce, da can kashewa ya fi masa sauƙi shi ya sa bai bi ta kanta ba. Ya jona wayarsa ya fara sauko da sabuwa. Layin yana tafiya kamar ba ya so. Masu shagunan kusa sun fara jan ƙofofi, mutane suna wucewa da dardumai a kafaɗa. Na zauna a kan benci ina karanta duk addu'ar da na iya.

Ta gama, ya kashe ya kunna, ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa ya ja.

Zauren ya juya sumul. Babu fizga, babu tsagewa, fanka ma ko tari ba ta yi ba. Yatsansa na zuwa dama bango na binsa, yana dawowa yana dawowa, kamar mutum ne a tsaye yake waiwaye. Mai gyara ya ajiye sukudirebansa. Ya ce shekarunsa nawa yana wannan sana'a, a zatonsa injin nan na masu wasan ƙwallo ne kawai a kwamfuta. Ya leƙa waje ya kira mai shagon kusa, shi ma ya kira wani. Wani dattijo mai sayar da igiyoyin caji ya duba ya ce, “Wannan ai zauren magina ne na Ƙofar Galadima. Na ci tuwon suna a nan.”

Ni kuwa kwamfutar nake kallo, ba allon ba. Wannan tsohuwar aba da nake dannawa a jaka tare da makullai da ƙosai, wadda nake ɗora wa kofin shayi, ashe tun ranar da aka ƙera ta akwai wani abu a cikinta da bai fi farcen babban yatsa ba, wanda zai iya rushe zaure ya sake gina shi sau da yawa kafin in ƙifta ido, kowane ɗigo a mazauninsa. Shekara da shekaru yana nan yana jira, ni ina buga jarrabawar 'yan aji ɗaya a kansa. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Samun Inna ta sake zama shi ne aiki. Ta ce ta riga ta yafe. Na ce ni ban yafe ba. Na ce in ya girgiza ko sau ɗaya ne, ta sa a ba da kwamfutar sadaka. Ta ce bakina zai kashe ni wata rana. Bayan la'asar, wuta tana nan cikin ikon Allah, ta zo ta zauna a kan tabarma dab da talabijin, ta gyara mayafi kamar mai shirin fita unguwa.

Na tsayar da mu a waje, a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ga dakalin.” Sannan na tura a hankali muka shiga. Na ji ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Da na waiwaya sai na ga kanta a sunkuye, idonta a kan tabarmar falonmu. Jikinta ne ya yi abin da ya saba, ita ma ba ta san ta yi ba.

Na ce, “Inna, ba kowa a ciki. Na kore su. Ɗaga kai.”

Ta ɗago. Na kama yatsanta na ɗora a inda ake ja, na nuna mata yadda za ta yi, na sake ta. Ta ja a hankali, bango ya fara sauka, sama tana buɗewa. A nan ni ma na fara ganin rufin. Daga kowane bango wasu bakuna na ƙasa sun taso, masu kauri daga gindi, suna siririncewa suna lanƙwasa, suna ƙetare juna, har suka haɗu can a ƙololuwa. Bakan gizo magina suke kiransu. Tsakaninsu azara ce a jere, an shirya ta kamar saƙar faifai, kowane fili da inda ta fuskanta. Jikin bakunan duk zane ne da aka yi da yatsa tun ƙasar tana ɗanya, kuma da ta matsa kusa sai ga sawun yatsun nan ɓaro-ɓaro. Ƙasa ce da ruwa da itacen giginya, mutum ɗaya ya tsaya ya sa suka tsaya a sama ba ginshiƙi, suka kai har zamaninmu.

Inna ta ci gaba da jan yatsa. Tana bin baka ɗaya daga gindi har sama, ta dawo ta kama wani. Can ta kai ƙololuwa ta tsaya. A inda bakunan suka haɗu akwai ɗan faranti da aka manna a cikin ƙasar, cikinsa yana kallon ƙasa. Tsofaffin magina suna yin haka don ado, ban ɗauke shi komai ba.

Ta ce, “Matso da shi.”

Na matso. Farantin ƙarfe ne mai fenti, fari da bakin shuɗi, da jan fure a tsakiya. Gefe ɗaya fentin ya ɓantare, baƙin ƙarfe ya fito.

Ta ce, “Ƙara.”

Na ƙara har ya cika allo. Ta miƙa hannu ta taɓa gilashin talabijin daidai inda ya ɓantare. Ta ce, “A bakin rijiya na yar da shi ya yi wannan. Nawa ne. Kakata ta sayo mini, a ciki nake cin abinci.”

Ta ce wata safiya aka neme shi aka rasa. Ta yi kuka har ta shiɗe, aka ce mata ya faɗa rijiya, aka ce ta yi shiru. Ubanta yana tsakar gida a lokacin yana wanke ƙasa daga hannunsa, bai ce uffan ba. Ta ce ita ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta ba, in ta shigo wuri sai ya kau da kai. Kunya ce, kowa ya san haka ake yi, ita ma ta sani. Ta ce, “Amma yaro ba ya gane kunya, Auta. Ni dai na tashi ina ganin ƙannena yake so. Har ya rasu ban daina ganin haka ba.”

Ta daɗe tana kallon allon, hawaye suna bin fuskarta ba ta share ba. Ta ce, “Ashe duk shigar da nake ina fita, yana bisa kaina.”

Na zauna kusa da ita muka yi ta kallon ɗan faranti har aka kira magariba.

Ita ta ce in kira mata Kawu. Ta karɓi wayar ta ce, “Gobe kafin kowa ya sa diga, akwai faranti a tsakiyar rufi. A ciro mini shi, kada a lanƙwasa.” Na ji Kawu yana cewa, “To, Yaya.” Daga baya aka gaya mini bai bar leburori sun hau ba, shi ya taka tsani da tsufansa, magini yana riƙe masa, ya yi ta ƙwaƙule ƙasar da wuƙa har ya fito. Kafin azahar ta Asabar zauren ya zama tudun ƙasa.

Da yamma ya kawo shi da kansa, a naɗe cikin hankici. A hannu ya fi yadda na zata ƙanƙanta, bai fi tafin hannuna ba. Inna ta karɓa, ta tafi bakin famfo ta wanke shi da kanta, ta goge da gefen zaninta. Na buɗe mata kabad na share wuri a tsakiyar kwanukan ado. Ta ce in rufe.

Da aka sauke tuwo na zuba mata a kwanonta na kullum, ta ture shi gefe ta miƙo mini ɗan farantin. Loma biyu ya ci ya cika. Ta cinye, ta sake miƙo mini.